Bareyin gonar Baba: abin da kyamarorin daji suka gani a lokacin barbara

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau na ɗaura kyamarori huɗu. Gonar ta mahaifin wani abokin aikina ce, a gundumar Iowa da ke kudu maso yammacin jihar Wiskonsin ta Amurka, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga Madison inda nake zaune. Ƙasar tuddai ce da kwazazzabai, domin ƙanƙarar da ta murje sauran jihar ta baje ta a zamanin da ba ta biyo ta nan ba. Masara da waken suya a fili, kurmi a gangare, wani ɗan rafi a ƙasa. Dattijon ya haura shekara 70, gwiwa ta hana shi hawan tudu, ni kuma ina da ƙafa da ƙwaƙwar son sani. Muka shirya a kan kyamarori nasa, yawo nawa, hotuna mu kalla tare. Baba nake ce masa, har ya saba yana amsawa.

Bari in wanke kaina tun da wuri. Dabbar nan da nake kira barewa ba barewar da muka sani ba ce, a rashin uwa ne akan yi uwar ɗaki. Ta fi tamu girma nesa, wutsiyarta fara ce ta ƙasa, idan ta firgita sai ta ɗaga ta kamar tuta. Ƙahon namijin reshe-reshe yake yi, kuma ƙashi ne zalla, ya tsiro da bazara, ya faɗi a tsakiyar hunturu, baɗi wani ya fito. Barewarmu da gada da mazo ƙahon da ya tsiro musu shi suke ɗauka har mutuwa.

Abin da muke so mu gani shi ne yadda zirga-zirgarsu ke sauyawa idan barbara ta zo. A wannan yanki tsakiyar Nuwamba ce ganiyar abin, kowace shekara, ko an yi sanyi ko ba a yi ba. Gajartar yini ce ke tayar musu da jiki. A Bauchi bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya da rabi ba, a nan kuwa yini yana kai awa 15 a watan Yuni, ya dawo awa 9 a Disamba. Ciki kwana 200 ne ko kusa da haka, saboda haka 'ya'yan sukan faɗo a ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, daidai lokacin da ciyawa ta yi kore.

Kyamara ta ɗaya a bakin gonar masara, ta biyu a mashigar rafi inda sawu ya yi yawa, ta uku a wata tsohuwar hanyar tarakta cikin kurmi, ta huɗu a kan wani ɗan wuyan tudu da ke haɗa kurmi biyu. Duka a tsayin ƙuguna. Ban zuba gishiri ko masara a gabansu ba, haramun ne a gundumar nan saboda cutar ramewa da ke kashe bareyi, wadda aka fara ganowa a jihar a 2002.

Asabar, 12 ga Oktoba

Kunya ta ishe ni yau. Kyamara ta ɗaya ta cika memori da hotuna sama da dubu, kuma in ka cire talotalon daji uku da wani kurege, sauran duk ganyen masara ne yana rawa. Laifina ne. Kyamarar ba gani take yi kamar ido ba. Akwai wani ɗan gilashi a ƙasan madubinta da ke jin ɗumi, idan abu mai ɗumi ya gitta sai ta farka ta ɗauka. Ni kuwa na fuskantar da ita yamma, rana ta gasa ganye, iska ta kaɗa shi, ita kuma ta ɗauka dabba ce. Baba ya yi ta dariya har da share hawaye. Ya ce arewa ake juya fuskar kyamara, rana ba ta taɓa leƙowa ta can. Na juya ta, na sare ciyawar gabanta da adda.

Ta uku ma da gyara. Na sa ta tana kallon hanya kai tsaye, ashe abin jin ɗumin ya fi saurin kama wanda ya gitta a kan wanda ya tunkaro shi. Rabin hotunan gindi ne da wutsiya. Na karkatar da ita.

Ta biyu ce ta fitar da ni kunya. Akwai wata uwa mai tsagaggen kunnen hagu da tagwayenta, kusan kullum sai sun tsallaka rafin bayan asuba, su dawo gab da magariba. Na sa mata suna Iya. Akwai kuma wani matashin namiji mai ƙaho kamar cokali mai yatsu, Ɗan Auta.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na samu abin da Baba ya ce in nema. A gefen hanyar tarakta, ƙarƙashin wani reshe da ya sunkuyo daidai ƙirjina, an share ganye tas an bar ƙasa tsirara, faɗinta kamar faifai biyu. Ƙasar baƙa ce, da danshi, ga shatar kofato ta ja layi-layi, ga sawu ɗaya a tsakiya kamar an buga hatimi. Bakin reshen a tattaune yake, ya karye yana lilo. Na durƙusa na shinshina, wari ne irin na bunsurun da ya kwana a ɗaki, amma ya fi kaifi.

Wannan tonon shi ne allon sanarwarsu. Namiji zai zo ya goga goshi da gefen ido a reshen, ya lasa, ya tauna, sa'an nan ya karce ƙasa da ƙafar gaba, ya haɗa ƙafafun baya ya yi fitsari ya bi ta kan wasu tuttun gashi masu wari da ke cikin gwiwarsa ta baya, ya zuba a wurin. Duk wanda ya biyo baya, mace ko namiji, zai tsaya ya karanta. Da na ga yadda kowa ke sa baki a reshe ɗaya sai na gane dalilin da ya sa hukuma ke tsoron duk abin da zai tara su wuri guda, tunda cutar ramewar ta yawu da fitsari take bi.

Taku ashirin daga nan kuma ga wata 'yar bishiya kaurin damtsena an saɓule mata ɓawo, farin itace a waje, ɓawon na reto kamar tsumma. Gugar ƙaho ce. Baba ya ce ƙaramin namiji ba kasafai yake taɓa mai wannan kauri ba.

Na ciro ta uku na ɗaura ta a kan tonon, na ɗaga ta sama da kaina ina karkata ta ƙasa, don fitilarta irin mai ɗan jan haske ce da daddare, kuma an ce manyan sukan lura. Na sa safar hannu. Ban daɗe ba.

Da dare ina duba tarihin kyamarar daji sai na tarar ashe a maƙwabta aka fara. Wani lauya mai suna George Shiras ne, tun a shekarun 1890, yake ɗana zare a dajin arewacin Mishigan, barewa ta taɓa zaren, garin magniziyam ya tashi da haske da ƙara, hoto ya ɗauku. Mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906. Tarko ne sak irin na kakana, sai dai shi nasa ba ya kama ƙafa.

Talata, 29 ga Oktoba

Zafi ya dawo kamar ba kaka ba, mutane na yawo da riga mai gajeren hannu a Madison. Na tashi aiki da wuri na je.

Babban namijin ya fito. Ƙarfe 2:14 na daren Alhamis, a kan tonon. Reshe biyar a ƙahon dama, huɗu a na hagu, na biyar ɗin hagun ya karye ya bar guntu. Wuya ya kumbura har ya haɗe da kafaɗa. Hoto na farko kansa a sama yana tauna reshe, na biyu yana karce ƙasa, na uku idonsa biyu fari fat yana kallon kyamara. Barde na sa masa. Baba ya daɗe yana kallon wayata, ya ce wannan ya kai shekara huɗu ko biyar, kuma bai taɓa ganinsa da ido ba.

Maza shida daban-daban suka ziyarci tonon a kwana goma, kusan duk da dare. Ɗan Auta kaɗai ke zuwa da rana tsaka, shi ba ya jin komai.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Daren jiya aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi a Amurka kowace Lahadin farko ta Nuwamba. Kyamarori ba su san an yi ba, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya na gyara, in ba haka ba duk lissafin da nake yi na fitowar rana zai karkace. Yanzu tsakanina da gida awa bakwai ne maimakon shida.

Bareyin su ma ba su san an yi ba, kuma nan ne matsalar. Magariba ta koma kafin ƙarfe biyar, daidai lokacin da ma'aikata ke kan hanyar gida, daidai lokacin da dabbobin ke fitowa. Wani bincike da aka buga a 2022 ya nuna karon mota da barewa yana ƙaruwa da kashi 16 cikin ɗari a makon da ke bin canjin agogon. A hanyata ta dawowa na ƙirga gawa uku a gefen titi. Tafiyar kunkuru na yi har gida, na baya suna ta haska ni.

Hotuna sun fara sauyawa. A wuyan tudu, wato ta huɗu, wadda da ba ta kama komai sai kayoti, ɗan'uwan dilan nan, yanzu maza ke wucewa da hantsi, hanci a ƙasa, tafiyar wanda ya yi ɓatan kuɗi.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Kasuwa ta ci. Ta huɗu kaɗai ta kama maza tara a mako guda, biyar daga ciki baƙi ne, ban taɓa ganinsu ba, kuma yawancinsu sau ɗaya suka gitta ba su dawo ba. Barde ya fito da rana karo na farko, Laraba ƙarfe 10:40 na safe, baki a buɗe, harshe a waje, tururi na fita daga hancinsa.

Akwai jerin hotuna uku daga mashigar rafi da na fi so. Na farko wata mace ce a sama, ƙafafu huɗu duk ba su taɓa ruwa ba. Na biyu ruwa ne kawai ya fantsama, ba kowa. Na uku, bayan daƙiƙa goma sha, Ɗan Auta ne ya jiƙe sharkaf ya tsaya tsakiyar rafi yana waige-waige, an bar shi a tasha.

Yau ma na ga abin da ido. Ina tsugune ina canza memori sai na ji ganye na ruguguwa, da wani gurnani gajere-gajere kamar ana jan ƙofa mai tsatsa. Mace ta wuce ni da taku kamar goma sha biyar, namiji a bayanta. Ya kalle ni sarai, ya ci gaba da abin da ke gabansa. Dabbar da a watan jiya ko tari ka yi daga nesa sai dai ka ga farar wutsiya.

An girbe masarar maƙwabci, tamu tana tsaye.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Shiru kake ji, wai an aiki bawa garinsu.

Tonon ya cika da ganye, ba wanda ya share. A kwana bakwai ta uku ta kama Ɗan Auta sau biyu da wani rakun, wata 'yar dabba mai zobba a wutsiya. Ta huɗu, da ta yi ta tara baƙi, maza biyu kacal, ƙanana. Barde ko sama ko ƙasa. Iya ma ta ɓace tun ranar Talata, tagwayenta ne kaɗai ke tsallaka rafi, su biyu, suna tafe suna tsayawa.

Na fara zargin kayan aiki. Na yi rawa a gaban kowace kyamara, duk sun ɗauke ni. Na zargi farin wata, don jiya ya cika. Na zargi kaina, ko warina ne ya yi yawa a kurmin. Na zargi masu baka, tunda lokacin farautar kwari da baka a buɗe yake tun tsakiyar Satumba.

Ina zaune cikin mota wajen ƙarfe ɗaya na rana na kira Kawu a Ningi, su sun idar da isha. A ƙuruciyarsa ya yi farauta a dajin Lame-Burra, kafin ido ya gaza. Bayan gaisuwa na zayyana masa komai, har da tonon da reshen. Ya ce:

“To ɗana, tagwayen nan da ka ce suna yawo su kaɗai, uwarsu mutuwa ta yi?”

Na ce: “Allah ya sa ba haka ba, Kawu.”

“In ba mutuwa ta yi ba, me zai raba uwa da 'ya'yanta kwana huɗu? Kai ka tsare dandali kana jiran samari, alhali an ɗaura aure an kai amarya. Wa zai zo maka dandali? Ka tashi ka nemi inda matan ke kwana.”

Sai ya ƙara da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ni da alama rarrafen nake yi da na'ura a hannu. Na ce na gode, Kawu. Yana dariya ya miƙa wa Inna waya.

Da na faɗa wa Baba, ya buga tebur ya ce abin da mafarautan nan ke kira kulle ke nan. Mace ba ta karɓar namiji sai na kamar yini ɗaya da kwana ɗaya. Idan babban namiji ya same ta gab da lokacin, sai ya kora ta cikin sarƙaƙiya ko wani lungun da ba a zato, ya tsare ta kwana ɗaya ko biyu, ba ya ci sosai, ba ya nisa. Ya gama da ita ya nemi wata. A makon da mata da yawa suka shiga lokaci tare, ba namijin da ke buƙatar yawo, balle ya tsaya karce ƙasa. Wato makon da kyamarorina suka fi talauci shi ne makon da na ɗaura su dominsa. Na ce, Baba, ka sani ka bar ni ina rawa a gaban kyamara? Ya ce yana so ya ga ko zan gano.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na koma da sassafe. Akwai wani gangare mai fuskantar kudu, ƙaya da ƙananan itatuwa sun cushe shi, ko kare sai ya yi dabara. A gefensa na ga makwantai, ciyawa ta kwanta siffar ƙwai, manya da ƙanana. Ban shiga ba. Na ɗaura ta uku da ta ɗaya a hanyoyi biyu da ke fitowa daga ciki, ta ɓangaren da iska ke fita, don namiji yakan bi ta nan ya shinshina ba sai ya kutsa ba. Ƙaya ta yaga mini wando.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Dusar ƙanƙara ta farko ta sauka jiya, mai ruwa-ruwa, ta fara narkewa. Ta biyu ta mutu, batiran da na saya masu araha ba su jure sanyi ba, na rasa kwana uku a rafi. Na zuba mata na litiyam kamar sauran. Araha ba ta ado.

Amma Kawu ya yi gaskiya. Talata, ƙarfe 12:05 na rana, ga wata mace ta fito daga sarƙaƙiyar tana tafiya a hankali, ga Barde taku uku a bayanta, kansa ƙasa-ƙasa. Ba gudu, ba kora. Bayan minti arba'in sun koma ta hanya ɗaya. Duk kwanakin da nake cewa ya bar gari, mai yiwuwa bai fi mita 300 daga tonon ba. Ya faɗa ƙwarai, ƙugu ya shige, akwai sabon rauni a ƙasan idon dama. An ce namiji kan zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa a wannan wata, kuma ga shi a hoto.

Iya ta dawo wa tagwayenta ranar Litinin.

Gobe ake buɗe farautar bindiga, kwana tara, daga Asabar ɗin da ke gaban bikin Godiya na Amurkawa. Mutum fiye da rabin miliyan ke sayen lasisi a jihar nan, daji ya cika da riguna ruwan lemo, don doka ta ce mai farauta ya sa kalar da za a hango shi. Ni ba zan leƙa kurmin ba sai an rufe. Jikokin Baba biyu za su zo. Sun nemi hotunan, na ba su, tunda kyamarorin kakansu ne, amma raina bai so ba. A jihar Arizona tun 2022 an hana amfani da irin kyamarorin nan wajen farauta, da na ji labarin na ce tsanani ne. Yau da nake tura hoton Barde da sa'a da wuri a jiki, ban ga tsananin ba.

Asabar, 7 ga Disamba

An rufe tun ranar 1 ga wata. Jikokin sun samu mata biyu, an kai samfurin wuyansu gwajin cutar ramewa, naman na cikin firiza ana jiran sakamako. Ba su ga Barde ba.

Kyamarorin sun nuna abin da bindiga ke yi wa daji. Daga safiyar Asabar ɗin farko hotunan rana suka ɗauke ƙaf. Duk motsi ya koma tsakanin isha da asuba. Iya da tagwaye sun daina bin rafi da safe, sai ƙarfe uku na dare. Ɗan Auta, mai yawon rana tsaka, hotonsa na ƙarshe ranar 23 ga Nuwamba ne, ƙarfe 7:20 na safe, yana nufar shingen maƙwabci. Tun daga nan babu shi.

Na yi rajista da shirin Snapshot Wisconsin na hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, wanda tun 2016 yake ba 'yan sa-kai kyamara su ɗaura a filayensu, hotunan kuma jama'a su taya tantancewa a shafin Zooniverse. Ina so baɗi mu sa guda a wuyan tudu ta zauna shekara cur, kada in riƙa cire ta duk lokacin da raina ya ɓaci. Baba ya ce in cike takardun, shi zai sa hannu.

Asabar, 14 ga Disamba

Sanyi na gaske, ƙasa ta daskare kamar siminti. An yanke masarar Baba, bareyin sun koma kala a cikin kututture da yamma, har goma sha ɗaya a hoto guda.

An sake share tonon. Ban zata ba, na bi ta wurin ne kawai don gajarce hanya, sai ga baƙar ƙasa a tsakiyar farin ganye. Macen da ba ta ɗauka ba a Nuwamba takan sake shiga lokaci bayan kwana 28, wasu 'yan matan bana ma da suka yi ƙiba sukan shiga a karon farko yanzu. Kuma ba kyamara a wurin, ni na cire ta da hannuna.

Ta huɗu ce ta kama Barde, daren Laraba ƙarfe 4:50, yana haurawa wuyan tudu. Hoto ɗaya, rabin jiki, amma ga guntun reshen a hagu. Yana ɗingisa ƙafar gaba. Na tura wa ɗan Kawu ta WhatsApp ya nuna masa, aka dawo mini da saƙon murya: wai ya matso da wayar har hancinsa, ya ce wannan ai ƙashi ne da ƙaho, a ba shi dusa.

Na mayar da ta uku kan tonon. Kurege ya ci rabin igiyar ta ɗaya, na ɗaure ta da waya kafin in sayo sabuwa. Zagaye na gaba 4 ga Janairu, in hanya ta buɗe, daga nan zan fara duba wanda ya fara yar da ƙaho.